Rariya uku: inda ɗaliban jinya ke zubewa kafin su kai ga lasisi

Kusan wata shida bayan sabbin ɗalibai sun shiga makarantar koyon aikin jinya, akan wayi gari a ga an liƙa takarda a allon sanarwa, ɗauke da sakamakon zangon share fage wanda malamai da ɗalibai ke kira PTS. Na taɓa tsayawa a gefen irin wannan allo a wata makaranta, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda 'yan mata ke bin jerin lambobi da yatsa daga sama har ƙasa, wadda ba ta ga tata ba kuma ta koma sama ta sake farowa, kamar dai lambar za ta tsiro a karo na biyu. Waɗanda suka tsallake za a yi musu bikin sanya hula, a kunna kyandir, iyaye su zo a ɗauki hoto. Sauran kuwa kafin magariba sun naɗe katifa, sun haɗa bokiti da akwati, wasunsu ma fararen kayan da aka ɗinka musu ba su taɓa shiga da su ɗakin majinyata ba. Babu wanda zai sake sanya su a lissafi idan bayan shekara biyu da rabi makarantar ta fito tana shelar cewa ɗalibanta sun ci jarrabawar ƙasa ɗari bisa ɗari.

Daga nan ne ruɗani ke shiga muhawarar yawan faɗuwar ɗaliban jinya a Najeriya. Iyaye suna kukan cewa makarantu na korar 'ya'yansu bayan an kashe kuɗi masu yawa, shugabannin makarantu suna ɗaga takardar sakamako suna cewa lafiya lau, tsofaffin nas-nas a asibitoci kuma suna ƙorafin cewa da yawa daga waɗanda ake turo musu da sabon lasisi ba su iya aiki ba. Dukkansu ukun suna iya zama masu gaskiya a lokaci guda, domin kowa rariya dabam yake kallo. Ɗalibin jinya yana sha tankaɗe da rairaya har sau uku kafin ya riƙe lasisi, kuma alƙaluman da aka fi ambata na rariyar ƙarshe ne, wadda ba ta karɓar komai sai abin da biyun farko suka ga dama suka zubo mata.

Mai riƙe da ragamar sana'ar ita ce Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, NMCN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979, bayan an haɗe hukumar ungozoma da majalisar jinya da ke aiki dabam-dabam tun zamanin Turawa. Ita ke amincewa da makaranta, ta yanka mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ta shigar da sunan kowane ɗalibi cikin kundinta, sannan ta shirya jarrabawar ƙarshe ta ba da lasisi. Akwai tsohon tsarin shekara uku na makarantun da ke jingine da asibitoci. Akwai karatun digiri, wanda Jami'ar Ibadan ta buɗe ƙofarsa a 1965, kuma a yau yake ɗaukar shekara biyar a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Danfodiyo da ta Maiduguri. Ga kuma sabon tsarin kwalejoji na shekara huɗu, mai ƙaramar difloma da babbar difloma, ƙarƙashin hukumar kula da ilmin fasaha ta ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, wanda ake shiga ta hanyar JAMB. Ko ta wace ƙofa mutum ya shigo, ƙofar fita ɗaya ce, wato jarrabawar da ɗalibai ke kira kansil.

Rariyar farko, wato zangon PTS, tana da hujja mai ƙarfi. A watannin share fage ne ɗalibi ke fara karo da ilmin ƙirar jiki da yadda gaɓoɓi ke aiki, da sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi waɗanda asalinsu Latin ne da Girkanci, da tushen aikin kansa tun daga wanke hannu da gyaran gado har zuwa auna zafin jiki da bugun zuciya, kuma ya fi alheri ga kowa a gane wanda ba zai iya ba tun kafin a damƙa masa ran mutum. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda wasu makarantu suka mayar da wannan zango hanyar rage cunkoson da su da kansu suka jawo. Majalisa ta ba makaranta gurbi ƙayyadadde, amma masu neman shiga sun ninka shi sau da yawa, ga takardun alfarma daga manya, ga kuma kuɗin fom da na rajista da makarantar ke ƙishirwarsu. Sai a ɗebi ɗalibai fiye da gurbin, a karɓi kuɗin kowa, a cusa su aji ɗaya, alhali an san tun ranar farko cewa adadin da majalisa za ta yarda ta yi wa rajista bai ƙaru ko da mutum ɗaya ba. A irin wannan hali an riga an yanke yawan waɗanda za su faɗi kafin a tsara tambaya ko ɗaya, aikin jarrabawar kawai ta zaɓi sunaye. Yarinyar da aka sallama za ta koma gida da tabon rashin ƙoƙari, mahaifinta da ya sayar da buhunan hatsi ko 'yan tumakinsa ya biya kuɗin zai ɗauka ita ce ta yi wasa, sai a bar jaki ana dukan taiki.

Rariya ta biyu ba a cika yin maganarta ba, domin a cikin gida take. Kafin makaranta ta gabatar da ɗalibanta ga majalisa, sai ta yi musu jarrabawar tantancewa tata, kuma wanda bai haye ba ana riƙe shi sai wani zagayen. A takarda wannan taimako ne ga ɗalibi, don kada ya je ya ɓata damarsa bai shirya ba. Amma makaranta ma tana da nata lissafin, tunda da sakamakon kansil ake auna martabarta, da shi take jawo sabbin ɗalibai, da shi kuma shugabanta ke kare kujerarsa. Bari mu ƙaddara makarantu biyu, kowace ta ɗauki ɗalibai 100. Ta farko ta yi ta zubarwa har ta kai 55 gaban majalisa, 53 suka ci, ta buga sanarwar nasarar kashi 96 cikin ɗari. Ta biyu ta yi haƙuri da masu rauni, ta shirya musu ƙarin darasi, ta kai 90, 72 suka ci, sakamakonta ya tsaya a kashi 80. A idon mai karanta sanarwa ta farko ce gwana, alhali ta biyu ta ba al'umma ƙarin ma'aikata 19 daga adadi iri ɗaya. Duk lissafin da bai fara ƙirga daga ranar da ɗalibai suka shigo ba, yana saka wa mai yawan zubarwa ne da yabo.

Wannan dabara ba a nan kaɗai ake yin ta ba. A Amurka hukumomin jinya na jihohi suna wallafa sakamakon kowace makaranta a jarrabawar lasisi ta NCLEX, kuma a jihar Florida doka ta tanadi a sanya makaranta cikin jerin waɗanda ake sa wa ido idan sakamakonta ya gaza matsakaicin na ƙasa da maki goma shekara biyu a jere. Manufar tana da kyau, amma can ma an daɗe ana ƙorafin cewa wasu makarantu suna kare kansu ta hanyar hana ɗalibi takardar kammalawa har sai ya ci wata jarrabawar fita da suka gindaya. Fa'idar tsarin nasu ita ce uba yana iya zama ya kwatanta makaranta da makaranta kafin ya biya kuɗi. A wajenmu abin da ya fi isa kunnen iyaye shi ne abin da makaranta ta faɗa a kan kanta.

Rariya ta uku ita ce kansil ɗin kanta. Masu karatun jinya suna zama a watan Mayu da Nuwamba, masu ungozoma a Maris da Satumba, kuma makin ci shi ne 50. Ɓangaren rubutu, wanda a da ake zuba dogon bayani a takarda, ya koma tambayoyin zaɓi a kwamfuta, abin da ya rage son rai wajen duba takardu, ko da yake ya ƙara nauyi a kan ɗalibar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ana saura 'yan makonni. Ɓangaren aiki kuwa, wanda ake kira OSCE, tashoshi ne ake jerawa, kowace da 'yan mintunanta, ana kaɗa ƙararrawa a matsa gaba. A wata tashar za ka tarar da mutum-mutumin roba a kwance, da tire na kayan aiki, da mai jarrabawa zaune riƙe da takardar matakai tana sa alama ba ta cewa uffan. Ɗaliba za ta gaida mutum-mutumin, ta gabatar da kanta, ta bayyana abin da za ta yi, ta nemi izini, ta ja labule, ta wanke hannu, kowane ɗaya da makinsa. Wadda ta saba da aikin hannunta ke tafiya da kansa. Wadda ta haddace matakan kamar karatun allo kuwa, idan hannu ya fara rawa ta manta mataki na uku, sauran duk sai su bi shi, ƙararrawa ta kaɗa tana tsaye da auduga a hannu.

Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce duk wanda ya faɗi wannan jarrabawa sau uku an rufe masa ƙofa ke nan, shekarunsa na karatu sun tafi a banza. A watan Satumba na 2025 majalisar, ƙarƙashin magatakardarta Ndagi Alhassan, ta soke wannan ƙa'ida. Yanzu ɗalibi yana iya sake zama ɓangaren da ya faɗi har sai ya ci, muddin ya ci gaba da zama a makaranta kuma halartarsa ta darasi da aikin asibiti ta kai kashi 80 cikin ɗari, sannan kowane maimaici za a lissafa shi a kan makarantar. Wasu tsofaffin ma'aikata sun ɗauki wannan a matsayin sassauci da zai zubar da ƙimar sana'ar. Ni ban gan shi haka ba, domin makin ci bai sauka ba, kuma wanda ya ci a zama na huɗu tambayoyin da kowa ya amsa ya amsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sharaɗin ƙarshe, wanda ya ɗora wa makaranta kaso daga alhakin faɗuwar. Haɗarinsa kuma a fili yake: makarantar da ta san za a rubuta mata kowane maimaici tana iya ƙara matse rariya ta biyu, ta riƙe masu rauni a cikin gida inda babu mai ƙirga su.

Idan aka koma kan dalilan faɗuwar, ba a ƙofar makarantar jinya matsalar ke farawa ba. Sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar a Ingilishi da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, a zama bai wuce biyu ba. Kowa ya san yadda ake samun wasu daga cikin waɗannan kiredit, a cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta amsa a allo, kuma kowa ya san akwai makarantun sakandare da ɗalibi ke gamawa bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Sai yarinya ta zo da takarda mai ƙyalli, malami ya ce ta mayar da giram zuwa miligiram, ta tsaya tana kallonsa. Ga kuma harshe. Ana koyarwa da Ingilishi, ana jarrabawa da Ingilishi, kuma tambayoyin kansil sukan zo da siffar labari, a kwatanta maka majinyaci da alamominsa, a ce wane mataki za ka fara ɗauka cikin huɗu da duk suke kama da daidai. Na ga ɗalibai masu kaifin basira, waɗanda idan ka tambaye su da Hausa za su warware maka alamomin jijjigar masu ciki tiryan-tiryan, amma kalma ɗaya a cikin tambaya ta juya musu ma'ana. Abin takaicin shi ne a bakin gado da Hausar za su yi aiki, ita ce kuma ba a auna ta ko sau ɗaya.

An taɓa gwada maganin wannan giɓi a Arewa. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, ya fito da shekarar share fage ga 'yan matan karkara, inda ake sake gina musu kimiyya da Ingilishi kafin su nemi shiga makarantun jinya da ungozoma, bisa alkawarin za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Darasin da ke ciki shi ne rauni irin wannan yana gyaruwa idan an ba shi lokaci da malami, kuma wata shida na PTS, cikin aji mai cunkoso, ba su isa su gyara ɓarnar shekara shida ta sakandare ba.

Malaman su ne matsala ta gaba. Ma'aunin da majalisa ta daɗe tana amfani da shi shi ne malami ɗaya ga ɗalibai goma, kuma malamin jinya ba kowane mai digiri ba ne, sai nas mai lasisi da ya ƙara horo a kan koyarwa. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma su ne asibitocin koyarwa da ƙungiyoyin agaji da ƙasashen waje ke zawarci. Shi ya sa ake jin labarin aron malamai da kayan aiki idan masu tantancewa za su zo, a cika ɗakin gwaji da mutum-mutumi da gadaje, baƙi suna juya baya kowa ya ɗauki abinsa. A ranakun da ba na baƙi ba, ɗalibai da dama ne ke zagaye mutum-mutumi ɗaya, na gaba suna gani, na baya suna kwafar abin da na gaba suka rubuta.

Amma a ganina babban ramin yana ɗakin majinyata ne. Aikin jinya sana'ar hannu ce, kamar ƙira ko ɗinki, ana koyon ta ne a gefen wanda ya iya. Ɗaliba ba ta sanin yadda ake laluben jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse, ko yadda ake gane cewa jinin da mai jego ke zubarwa ya wuce misali, sai ta tsaya kusa da sista ta gani sau da yawa, sannan ta yi ana kallonta ana gyara mata. To waɗannan sistocin su ne ke tafiya. A watan Fabrairu na 2024 magatakardar majalisar na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya bayyana cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A wannan watan ne majalisar ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardu don fita waje, abin da ya fito da ma'aikata zanga-zanga a Abuja da Legas. A ƙarshen watan Yuli na 2025 kuma ƙungiyar ma'aikatan jinya ta shiga yajin aikin gargaɗi, kuma cikin buƙatunta har da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Waɗanda ke tafiya galibi su ne masu ƙwarewar da za su koyar. Waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa, don haka ɗalibin da aka turo koyon aiki yakan zama ɗaya daga biyu: ko ɗan aike mai kai fayil da karɓo magani, ko kuma ma'aikaci na ƙarfi da yaji da ake bar wa ɗaki shi kaɗai. Na farko bai koyi komai ba, na biyu ya koyi yin abu yadda ya samu, kuma kuskuren da ba a gyara ba shi ke zama ɗabi'a.

A kan wannan tushe ne ake ɗora sabon gini. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate, ta sanar a 2025 cewa gurbin ɗaukar ɗaliban jinya a shekara ya tashi daga 28,000 a 2023 zuwa 115,000. Buƙatar gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da zai ce ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duniya a 2023 'yan cikinta ne, ba ta buƙatar ƙarin nas da ungozoma. Sai dai gurbi da alƙalami ake ninka shi, malami kuwa shekaru ake yi kafin a same shi, gadajen asibitin da za a koyi aiki a kansu ma ba su ninka huɗu ba. A manyan birane makarantu da yawa, na gwamnati da na kuɗi, asibitoci ƙalilan suke rububi, har ka tarar da ɗalibai masu kaya kala-kala sun fi majinyata yawa a ɗaki da safe. Idan aka tafi a haka, ko dai faɗuwa ta ƙaru, ko kuma matsin lamba ya sa a buɗe ramukan rariyar, kuma na biyun ya fi ban tsoro domin ba ya fitowa a kowane sakamako.

A ƙasan wannan duka akwai makarantun da ba su ma cikin tsarin. A 2022 gwamnatin Jihar Kano ta sanar da rufe makarantun koyon aikin lafiya 26 da aka buɗe ba bisa ƙa'ida ba. Ɗalibin irin wannan wuri ba ya faɗuwa kansil, domin ba zai taɓa zama ba, sunansa ba ya cikin kundin majalisa, kuma sau da yawa sai ya shekara biyu yana biyan kuɗi kafin ya gane. Wasunsu su ne ke ɓullowa daga baya da farin kaya a ƙananan asibitocin kuɗi da shagunan magani, unguwa tana kiran su nas. Majalisar tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su, kuma duba shi bai kai wahalar cike fom ba.

Kada kuma a ɗauka cin jarrabawa shi kaɗai shaida ne. A watan Janairu na 2023 hukumomin Amurka sun bankaɗo cinikin takardun kammala karatun jinya na bogi fiye da 7,600 daga makarantu uku a Florida, kuma kimanin 2,400 daga masu sayen sun zauna NCLEX sun ci, ba tare da sun yi karatun da takardar ta ce sun yi ba. A shekarar ce kuma majalisar jinya ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Ibadan, bayan an lura wasu suna kammalawa cikin lokacin da hankali ba zai ɗauka ba. Ta yi zargin mutum 48 da ke cikin rajistarta da wasu 669 masu neman shiga, ta kuma soke duk sakamakon cibiyar, har waɗanda suka ci da guminsu sai da suka sake zama. Jarrabawar zaɓi tana auna abin da ke cikin kai, kuma ana iya cin ta da haddar tsofaffin tambayoyi. Abin da hannu ya iya kuwa sai a bakin gado yake bayyana.

Ga misali ƙarami. Likita ya rubuta a ƙara wa majinyaci ruwa lita ɗaya cikin awa takwas, kuma robar da ke hannu tana ba da ɗigo 20 a kowane mililita. Nas za ta ninka 1,000 da 20, ta raba da minti 480, ta samu ɗigo 42 a minti, sannan ta tsaya da agogo tana murza maƙunnin tana ƙirgawa. Idan ta ɗauko robar yara mai ɗigo 60 ba ta lura ba, lissafin ya canza gaba ɗaya. Idan kuma ta buɗe ruwan ta tafi, ya ƙare cikin awa biyu a jikin tsoho mai ciwon zuciya ko jariri, ruwan na iya taruwa a huhu, dangi kuma su ce kwana ne ya ƙare. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2014, wanda ya duba asibitoci 300 a ƙasashen Turai tara, ya nuna cewa duk ƙarin majinyaci ɗaya a kan nas yana ƙara yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana talatin da kashi 7 cikin ɗari, kuma duk ƙarin kashi 10 na nas-nas masu digiri yana rage ta da kashi 7. Yawa da inganci kowanne da nasa tasirin, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Tsarin koyon jinya a nan gida yana da wata hanya ta tabbatar da cewa ɗalibi ya yi aikin da hannunsa, wato littafin ayyuka da kowa ke yawo da shi a aljihu. A ciki an jera abubuwan da dole ya yi, su allura da wanke ciwo da sanya robar fitsari, ga 'yan ungozoma kuma adadin haihuwar da za su karɓa, kowanne da gurbin da mai kula za ta sa hannu bayan ta gani da idonta. Sabon sharaɗin halartar kashi 80 ma a kan irin wannan sa hannu ya dogara. Wanda ya taɓa kwana jinya a babban asibiti ya san yadda abin ke kasancewa a makon ƙarshe na zagayen ɗalibai. Sista ta kwana ita kaɗai a ɗaki cike, ta raba magani, ta canza ruwa, ta rubuta rahoto, tana jiran mai karɓarta, sai ga ɗalibai sun jeru da littattafansu suna cewa, "Sista, don Allah a taimaka mana, gobe za mu miƙa." Ta dube su, wasu ta san fuskarsu, wasu ba ta tuna ko ta taɓa ganin su ba. Sai ta ja kujera, ta ce su buɗe mata shafukan, ta karɓi biro a hannun na gaba.